Sunayen da ke Ƙarƙashin Benci

Loretta Sobczak gajeriya ce. In ta tsaya kusa da sheburinta na kwashe dusar ƙanƙara, kusan kansu ɗaya. Shekara talatin da huɗu ta yi tana dafa wa yaran firamare abinci a unguwar bayan tasha. Shi ya sa har yau ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, kuma duk wanda ya tsaya gabanta, ko da furfura a kansa, kallon ɗan aji uku take yi masa.

Ni sunana Cleophus Tate. Bas na tuƙa wa garin nan har na ajiye aiki. Kujerata a tsohon filin wasan ƙwallon Amurka, wadda ake jefawa da hannu, tana ɓangare na sha huɗu, layi na talatin da ɗaya, can sama inda iskar tafki ke fara sauka. Na ce kujera, amma benci ne dogo na katako da aka buga wa lambobi. Tara da goma namu ne, ni da matata Odessa. Sha ɗaya ta Loretta ce. Ta gaje ta daga mahaifinta Kaz, wanda yana cikin maginan da suka zuba simintin wannan ɓangaren. Shekara ashirin da shida muna zaune kan katako ɗaya, ba ta taɓa kirana da sunana ba. Direba take ce mini.

In ƙanƙara ta sauka ana gab da wasa, masu filin sukan yi shela a zo a kwashe. Ka zo da safar hannunka, a ba ka shebur. Loretta tun tana budurwa take zuwa, kuma da nata sheburin take zuwa, don ta ce na filin ba su da baki. A hankali ta zama ita ke tsara masu kwasa. Ba wanda ya naɗa ta. Aikin yana da hanyarsa: a fara daga layin ƙarshe na sama, a jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya tura wa na gefensa har ƙanƙarar ta isa matakala. A nan an shimfiɗa wani dogon indararo na roba, ta sulale ta cikinsa har ƙasa, inda tifa ke jira. Wanda ya fara daga tsakiya, aiki biyu ya ba kansa.

Garin wannan sunkuye-sunkuyen ne ta san abin da ke ƙarƙashin bencinan. Mutanenmu suna da wani abu da suke yi. In mai kujera ya rasu, iyalinsa sukan zo wasa na gaba, wani ya sunkuya ya rubuta sunansa a ƙasan katakon. Ba a sanar da kowa, masu filin kuma ba su taɓa gogewa ba. Loretta ba ta rubuta komai a takarda ba, amma ka faɗa mata layi da lamba, ta faɗa maka wanda ke kwance a wurin.

Shekarar da Odessa ta rasu na zo wasan farko da alƙalami a aljihu, na koma da shi gida. A wasa na biyu ma haka. A na uku na sunkuya zan ɗaure takalmi, sai na ga an riga an rubuta sunanta, da irin rubutun nan mai girma da ake yi a allon ɗakin cin abincin yara. Ban tambaya ba. Loretta ma sai ta miƙo mini kofi mai zafi, ta ce mai jefa mana ƙwallo hannunsa kamar jiƙaƙƙen burodi.

Kakar wasan da zan ba da labarinta ita ce ta ƙarshe a tsohon filin. Ana gina sabo mai rufi a tsallaken babban titi, kuma an ce da bazara za a rushe namu. Mun shiga kakar da buri. An kawo sabon koci, an ɗauko mai jefa ƙwallo da duk ƙasar ke magana a kansa. Jaridu suka ce wannan karon har wasan kofi za mu je. Mun ci wasan farko, garin ya kusa tashi sama. A mako na huɗu mai jifan ya faɗi a kan kafaɗarsa, aka fitar da shi a ƙaramar mota yana ɗaga mana babban yatsa. Ba mu sake ganinsa da rigar wasa ba. Wanda ya maye gurbinsa yaro ne mai kirki, sai dai yana da wata baiwa ta gano ɗan wasan abokan hamayya duk inda ya ɓuya. Akwai wasan da muka rasa da maki ɗaya, ƙwallo ta daki ƙarfen gola ta dawo. Akwai wanda a rabin lokaci mutane suka fara neman motocinsu. Watan Nuwamba aka sallami kocin. Da muka kai ƙarshen Disamba, mun ci biyu, an cinye mu sha huɗu.

A layin da ke gabanmu akwai Duane Hruska, mai gyaran famfo, mutum mai faɗin baya da faɗin baki. Tun wasa na tara ya fara zuwa da jakar takarda irin ta kanti, ya huda mata ido biyu, ya kifa a kansa.

"Duane," in ji Loretta, "cire wannan abin, kana tare mini fili."

"Taimakonki nake yi, Goggo. Me za ki gani?"

"In kunya kake ji, zauna gida."

"Ba kunya ba ce, addu'a ce. Ku bar su su sha kashi. Wanda ya zo na kashin baya shi ke fara zaɓa cikin sababbin yaran jami'a, kuma akwai wani yaro mai hannu kamar bindiga. Saura wasa ɗaya. In waɗannan sakarkarun suka kuskura suka ci, sun cuce mu shekara goma."

"To kai ka biya kuɗin kujera ka zo ka roƙi Allah a doke ka."

"Hankali ke nan, Goggo."

"Uwarka ba ta da irin wannan hankalin," ta ce masa. "Ita tsayawa take yi har a kashe fitila."

Jakar dai ba ta motsa ba.

Ba Duane kaɗai ke wannan lissafin ba. Rabin garin haka suke magana, a shagon aski, a cikin bas, har a ƙofar coci.

Wasan ƙarshe ranar Lahadi ne, da ƙarfe ɗaya na rana, a gida. Shi ne kuma wasa na ƙarshe da za a taɓa yi a filin. Ranar Laraba da la'asar sama ta rufe ta wajen tafki. Ƙanƙara ta yi ta zuba har Alhamis da yamma, ƙafa huɗu da wani abu. Motoci suka zama tsibi-tsibi a bakin titi. Hukumar gasa ta aiko da magana: Asabar da sha biyun rana za su turo mutum ya duba. In kujeru da matakalai ba su fito ba, za a kai wasan wani gari mai filin rufi, mil ɗari huɗu daga nan. Ba laifinsu ba ne, ba a zuba mutum dubu saba'in a kan santsi. Amma ma'anarsa a fili take. Za a rufe tsohon filin ba tare da kowa ya ƙara zama a cikinsa ba.

Juma'a da ƙarfe bakwai na safe na isa ƙofa ta uku. Likita ya hana ni shebur, amma bai hana ni riƙe tulun kofi ba. Na tarar da Loretta ta riga ni, da hular ulu har gira. Shugabar kula da filin, Renée Castellano, tana tsaye da takarda a hannu, tana duban hanya.

"Mutum nawa kike bukata?" Loretta ta tambaye ta.

"Dubu. In an samu dubu, kuma Allah ya taimaka."

"Nawa suka zo?"

"Ke ma kina da ido, Inna."

Na ƙirga su daga inda nake. Ba su kai ɗari da hamsin ba, kuma yawancinsu irinmu ne, masu maganin hawan jini a aljihu. A shekarun da ƙungiya ke cin wasa, layin masu neman shebur yakan zagaye filin, har a mai da wasu gida.

Loretta ta hau har sama ita kaɗai. Na ga ta tsaya a wajen layinmu, ƙanƙara ta kai mata ƙirji. Ta jima a can. Da ta sauko sai ta ce wa Castellano, "Ba ni wayarki. Tawa ta daskare."

Akwai shirin da Marty Doyle ke yi a rediyo kowace safiya, inda mutane ke bugo waya su zagi ƙungiya kafin su tafi aiki. Duk garin na saurare. Wani cikin masu tifa ya ƙure rediyon motarsa, muka ji ta daga can da kuma daga nan kusa da mu.

"Wa ke kan layi?"

"Loretta Sobczak, ɓangare na sha huɗu."

"Inna Loretta! Ke ce kika hana ni ƙarin dankali a aji huɗu."

"Ka ci na Tommy Reardon, na gan ka."

"Wayyo, har yau? To Inna, kin bugo ki ce mu zo mu karya bayanmu saboda mutanen da suka ci wasa biyu?"

"Ban ce ka zo don su ba, Marty. Su in sun ga dama su yi wasan a duniyar wata. Abu ɗaya zan faɗa in ba ka wayarka. Ɓangare na takwas, layi na sha biyu, kujera ta huɗu. An rubuta Ray Doyle a ƙasanta, da jan fenti. Akwai ƙafa huɗu na ƙanƙara a kansa yanzu."

Rediyon ya yi shiru. Ban taɓa jin Marty Doyle ya yi shiru ba sai ran nan.

Ita kuwa ta ci gaba, da muryar nan tata ta kiran yara su wanke hannu. Ɓangare kaza, layi kaza, Estelle Boone. Layi kaza, Big Lou da ƙaninsa, kujera biyu jere. Layi na talatin a namu ɓangaren, kujera ta shida, Marge Hruska, uwar Duane. Ta ambaci wajen arba'in ba ta yi tuntuɓe ba. Ba ta ambaci mahaifinta ba, ba ta kuma ambaci Odessa ba.

"In aka kai wasan nan wani gari," ta ce, "ba wanda zai ƙara zama a kansu. Daga ƙanƙara sai katafila. Shi ke nan maganata."

Ta miƙa wa Castellano wayar, ta ɗauki sheburinta.

Wajen sha ɗaya mutane suka fara zuwa. Wasu a ƙafa, wasu a bayan motocin share hanya, wani ma a kan katakon da ake sulu da shi a ƙanƙara. Kafin ƙarfe ɗaya sheburan filin sun ƙare, mutane na shigowa da na gida. Castellano ta daina rubuta suna. Na ga ta juya baya tana goge tabarau.

Sai dai mutanenmu mutanenmu ne. Kowa ya shigo, kujerarsa ya nufa. Wanda tasa ke layi na sha biyar ya kutsa har can, ya tone ta, ya watsa ƙanƙarar a kan layi na sha huɗu. Na sha huɗu ya zo ya tarar an binne masa uwa sau biyu, ya kwashe ya watsa wa na sha uku, rabi kuma ya mai da wa na sama. Matakalai suka toshe. Indararon ya cushe a wuri uku. Ta ko'ina sai ramuka ƙanana masu tsabta, kowanne da mutum tsugune a ciki yana leƙen ƙasan benci, kewaye da tudun da ya fi na safe tsayi.

"Kai, mai jar hula! Kakana kake zuba wa!"

"Kakanka ya saba, tun yana raye ake zuba masa giya a ka!"

"Zo nan ka maimaita!"

"Ta ina zan bi? Ka toshe hanya!"

Loretta ta yi ta ihu har muryarta ta dushe. Ba mai jin ta. Mutum dubu biyu ne, kowa da mamacinsa. Rana ta faɗi da wuri kamar yadda take yi a wannan watan, Castellano ta ce a tashi, santsi ya yi yawa. Da muka tsaya a ƙasa muka ɗaga kai, filin ya fi yadda muka same shi muni.

Na rage wa Loretta hanya a motata. Da muka wuce gadar jirgin ƙasa sai ta yi magana.

"Ni na ja wannan, Direba."

"Sun dai zo."

"Sun zo sun ɓata. Ni na ce wa kowa ga inda nasa yake." Ta cire safar hannu, ta duba yatsunta. "Saura awa biyar gobe. Da mutum ɗari da hamsin masu jin magana da mun fi haka nisa."

Na ce, "Yara ɗari shida kike ciyarwa cikin minti arba'in. Ban taɓa jin an ce kowa ya shiga kicin ya ɗebi nasa ba."

Ta juyo ta dube ni. Ta ce in tsaya a makarantar, tana da abin da za ta karɓa wurin mai gadi.

Asabar da asuba Loretta ta sa Castellano ta rufe duk ƙofofi sai ɗaya. Mutane sun dawo, har sun fi na jiya, don Marty Doyle ya kwashe yammacin Juma'a yana karanta sunayen da ake bugo masa. Shi kansa yana cikin layi, da shebur sabo fil da takardar kanti a jiki. Loretta ta hau kan bayan tifa. A hannunta akwai murfin babbar tukunyar makaranta da ludayin ƙarfe. Ta buga sau uku.

Abin mamaki, rabin mutanen nan sun san wannan ƙarar. Na ga ƙarti masu gemu sun daina magana sun miƙe tsaye ba su san sun yi ba.

"Ku ji ni da kyau, muryata ta tafi," ta ce. "Yau ba wanda zai taɓa kujerarsa. Wanda na kama a layinsa, gida zai koma."

"Haba Inna! To me ya kawo mu?"

"Rufe baki, Marty, ba rediyo ba ne nan. Hamsin-hamsin za ku shiga. Inda na tura ka, nan za ka. Daga sama za a fara, a tura gefe, ba a jefawa ƙasa. Kai ka tone ta wani, wani ya tone taka."

"In ya yi mini aikin banza fa?"

"Sai kai ma ka yi wa wani na kirki, ka ji haushi da hujja. Saura abu ɗaya. Duk bencin da ya fito, a sunkuya a duba. In da suna, a faɗe shi da ƙarfi, mai shi ya ji daga inda yake."

Ta sake buga murfin. Suka shiga kamar masu karɓar abinci.

Ni an ajiye ni a saman ɓangarenmu da tulun kofi, don haka na ga komai. Layukan mutane suka jeru a can ƙololuwa, zagaye da filin. Da farko ba ka jin komai sai ƙarar shebur a kan siminti da sululun ƙanƙara a cikin indararo. Can sai wata murya daga ɓangaren arewa ta ce, "Estelle Boone!" Daga kudu, nesa sosai, wata mace ta amsa, "Tawa ce! Na gode!" Aka yi dariya. Sai wani suna. Sai wani. Kafin a sauko layi biyar abin ya kama ko'ina, ana kira ana amsawa ta saman fili, wanda ba a amsa ba kuma sai duk layin su amsa masa. Aikin ya yi sauri, don kowa yana so a kai ga nasa, kuma ya gane ba za a kai ba sai layin da ke sama ya fita.

Cikin hamsin ɗin da aka turo ɓangarenmu ban san kowa ba sai mutum ɗaya. Ya zo ba jaka a kansa, ya ja hula ya rufe fuska. Loretta ta gan shi tun a ƙofa.

"Duane. Ai na ɗauka addu'arka ta karɓu."

"Motsa jiki na zo yi, Goggo. Likita ya ce."

"Ɓangarenka ne wannan, bai kamata in sa ka ba. Amma ba ni da mai faɗin bayanka. Layi na talatin ka tsallake shi, ka ji ko?"

"Na ji."

Shi ya fito da layi na talatin da ɗaya. Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa, ya jima bai ɗago ba. Sannan ya miƙe, ya buɗe wannan bakin nasa da ya shekara yana zagin 'yan wasa.

"Odessa Tate!"

Na so in amsa. Kofin da ke hannuna ne ya zube mini a takalmi, na tsaya dubansa. Mutanen layin suka amsa mini.

"Kaz Sobczak!"

Loretta tana kan matakala, ta ba mu baya, tana buga murfi don a daidaita layi. Ba ta juyo ba. Murfin dai ya yi shiru na ɗan lokaci, kamar numfashi uku. Sai ta ce, "Kai mai koren wando, gefe na ce, ba ƙasa ba!"

Da aka zo layi na talatin Duane ya koma gefe ya riƙe sheburinsa. Wata yarinya ma'aikaciyar asibiti ce ta sunkuya ta kira Marge Hruska. Duane ya ce iskar nan tana sa ido ruwa. Na ce masa haka take yi a nan sama.

Mutumin hukumar gasa ya iso sha biyu saura kwata, da doguwar riga mai tsada da takalmin da bai dace da garinmu ba. Ɓangare biyu suka rage, na ƙasa ta gabas, kuma ko makaho ya san ba za su fita cikin kwata ɗaya ba. Castellano ta zagaya da shi. Ya duba matakalai, ya taka gishirin da aka barbaɗa, ya duba agogo. Ya tambayi me ake ta kira haka, ta faɗa masa. Ya sake duba agogo.

Loretta ta zo ta karɓi tulun a hannuna. Ta cika kofi har baki, daga wanda aka sauke yanzu, ta miƙa masa.

"Sha, yaro. Ba a yanke magana da sanyi a ciki."

"Na gode, Inna, amma lokaci..."

"Shanye tukuna. Ba na son a bar mini saura."

Kofin yana da zafi ƙwarai. Mutum ba ya shan irinsa da gaggawa. Ya tsaya yana hurawa yana kurɓa, yana kallon mutum dubu uku sun taru a kan ɓangare biyu, tifa na fita wata na shiga. Ni ban duba agogona ba, don haka ba zan iya cewa ƙarfe nawa ne aka kira suna na ƙarshe ba. Na dai san ya miƙa mata kofin babu komai a ciki, ya ce wa Castellano, "Gobe ƙarfe ɗaya. A nan."

Ihun da aka yi, ban ji irinsa a filin nan ba duk kakar. Wasu suka ɗaga Loretta sama da murfinta da ludayinta, tana dukan kawunansu tana cewa su sauke ta, ƙugunta ba na wasa ba ne.

Ranar Lahadi filin ya cika har ƙololuwa, don kallon ƙungiyar da ta ci wasa biyu. Wasan kansa ba shi da kyau. An yi ta faɗuwa a cikin laka, yaron nan mai kirki ya ba abokan hamayya ƙwallo sau biyu kamar yadda ya saba. Saura daƙiƙa huɗu ana goma da goma, aka kira mai bugun ƙafa ya buga ƙwallo ta tsakanin ƙarafan gola, daga nisan da bai taɓa ci ba, iskar tafki kuma tana fuskarsa.

Duane ya juyo. "Zai ɓarar. Kullum yana ɓararwa. Allah ya sa ya ɓarar, mu samu yaron nan."

"To zauna mana," in ji Loretta.

Bai zauna ba. Ƙwallon ta tashi a karkace, ta yi kamar za ta faɗi, ta shafi ƙarfe ta ciki, ta wuce.

Duane ya rungume ni har na ji haƙarƙarina. "Sakarkaru!" yake cewa, hawaye na bin gemunsa. "Sun cuce mu! Shekara goma! Ko faɗuwa ba su iya ba!" Yana faɗa yana tsalle a kan kujera ta shida.

Ba mu samu yaron mai hannu kamar bindiga ba, wani gari ya tafi. Mun gama kakar da ci uku, an cinye mu sha huɗu, kuma haka yake a rubuce. Bayan an tashi ba wanda ya nemi motarsa. Mutane suka zauna a kan bencinansu, wasu da hannu ɗaya a ƙarƙashi. Loretta ta zuba mini sauran kofin, ta ce mai bugun nan sa'a ya yi, ƙafarsa kamar ta kujera.

Da bazara aka rushe filin. Kafin katafila ta shiga, Castellano ta sa aka yanka bencinan gunduwa-gunduwa, duk mai suna a ƙasa ya zo ya ɗauki nasa. Namu ba a raba shi ba. Mai zarton ya ce an gaya masa daga tara zuwa sha ɗaya a bar su haɗe, bai kuma faɗi wanda ya gaya masa ba.

Sabon filin yana da rufi, ba a neman masu shebur. Loretta ta je sau ɗaya ta ce zafi ya yi yawa, kamar ana kallon ƙwallo a cikin kanti. Sheburin nata yana nan. In ƙanƙara ta sauka, ita ke fito da 'yan layinsu, daga gidan sama zuwa na ƙasa, kuma ba wanda ke fara share ƙofarsa.

Katakon yana barandar gidanta. Ranar Lahadi nakan je da ƙarfe ɗaya saura, mu kunna rediyo. Ni a tara, ita a sha ɗaya. Goma tana tsakaninmu, a nan muke ajiye tulun kofi.